Tulun da Aka Fasa a Ɗan Kassari

Ɗan Kassari, 3 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Jibrilla, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa. Ina su Rumaisa'u da yara, ina kasuwa? Na ba direban mota takardar nan don na san halinka, da na ambaci Baba a waya sai ka ce layi ba kyau.

Wata biyu ke nan na baro ɗakina a Tibiri ina jinyar Baba. Maƙwabta ne suka tsince shi a gona, ƙafa ba ta ɗaukarsa, idanu na rawa. Likita a Dutsi ya ce giya ce da rashin cin abinci suka ƙarar da wani bitamin a jikinsa, har abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. An yi masa allurai, ya miƙe, giya kuma ya bari. Amma sabon abu ba ya zama a kansa. Zai sha fura, in ɗauke ƙwarya, ya ce, "Sa'adatu, yau yunwa za ki kashe ni da ita?" Inda ya manta kuma sai ya cike da nasa labari, kuma likita ya ce ba ƙarya yake ba, haka yake gani.

Kullum sai ya ce wa masu gaisuwa, "Wancan na Yamai ya zo jiya, ya kawo mini goro." Ka san sunanka bai taɓa fita bakinsa ba, kunyar ɗan fari. Yaya, shekara tara ta isa. Ka zo.

Ƙanwarka, Sa'adatu.

Yamai, 15 ga Satumba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Allah ya saka miki, ya ba shi lafiya.

Ke kina yarinya lokacin, bari in tuna miki. Ranar kasuwa na fasa tulun giyarsa a gaban abokansa, ya ce kada in sake taka gidansa, ko gawarsa kada in ɗauka. Abin da na hana haram ne, ban canza ba. Amma na kunyata mahaifina a bainar jama'a, wannan shi ke hana ni sukuni. Gafararsa nake nema. To wanda ya manta laifi, me zai yafe? In na zo, dole in tuna masa komai, in ba haka ba na cuce shi.

Wassalam. Jibrilla.

Ɗan Kassari, 24 ga Satumba

Yaya, ina gaisuwa.

Kai dai har yanzu kanka dutse ne! Tsoho ya samu kwanciyar hankali, za ka zo ka tono masa abin da Allah ya binne? Ni ban sani ba ko ya manta da tulun ko bai manta ba, ban taɓa tambaya ba. Na dai ga ya hana a taɓa damin gero na farko da aka yanko, wai na wancan ne.

Mijina ya yi haƙuri har ya gaji, ran Laraba zan koma Tibiri. Goggo Barira za ta riƙa dafa masa wake da gyaɗa yadda likita ya ce, amma ba ta iya bin sa in ya fita. Ka zo ka yi yadda ka ga dama, ubanka ne. Ina jin tsoro dai, ban ɓoye maka ba.

Ka huta lafiya. Sa'adatu.

Ɗan Kassari, 6 ga Oktoba

Ƙanwata, salamu alaikum. Ina gajiya, ina maigidan?

Na iso ran Juma'a. Bai gane ni ba, ga gemu ga ƙiba. Ya shimfiɗa mini tabarma kamar baƙo. Na kasa cewa ni ne, sai na ce, "Baba, wani na sani da ya fasa tulun giyar ubansa a kasuwa, uban ya kore shi."

Ya ce, "Assha. Yaron ba shi da kunya." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma uban ma sakarai ne. Ni da ni ne, kafin ƙasa ta shanye giyar na yafe."

Na yi kuka, Sa'adatu, a gabansa. Ya ce, "Baƙo, yaya sunanka?" Na ce Jibrilla. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya kawar da kai gefe, ya ce, "Wannan suna ba na faɗinsa." Ya ƙwala wa Goggo kira ta ɗauko damin nan.

Washegari ya sake tambayar sunana. Na sake faɗa masa. Ina nan sai an gama kai gero rumbu.

Yayanki, Jibrilla.