Saƙon da Ya Sauka a Ƙofar Gidan su Barakatu

Kano,
Laraba, 14 ga Yuni, 1978.

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa a tsakiyar bazara, ruwan randar da ban taɓa sha ba amma kullum nake ƙishinsa, Malama Huseina.

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi kogin Wudil cika a tsakiyar damina. Ina fata kina lafiya, da su Baba da Inna, da ɗalibanki 'yan aji uku masu sa'ar ganin fuskarki kowace safiya. Ni kam ba zan ce miki ina lafiya ba, don ƙarya zan yi. Ki dubi rubutun nan yadda yake hawa yana sauka, haka al'amurana suke tun ranar Litinin.

A ranar ce Kawu Labaran ya same ni a ɗakin kwananmu na jami'a, bakinsa har kunne. Ya ce Malam Isyaku, mahaifin ƙawarki Barakatu, ya tare shi a kasuwar shanu ranar Juma'a, ya ce ya yaba da hankalina, a turo magabata. Innalillahi! Na ɗauka wasa yake yi, sai na ga yana lissafa dattawan da za su raka shi. Ban gama farfaɗowa ba ya ƙara mini da abin da ya tsinka mini jijiya: wai ke ce babbar ƙawar amarya, har matarsa ta gan ki a zaune kina yi wa rigar matashin kai ado da zare, sunana a gefe ɗaya, sunan Barakatu a ɗaya gefen. Ke, Huseina? Da waɗannan yatsun? Allurar ba ta soke ki ba? Ni dai ta soke ni, kuma har yanzu tana ciki.

Kin tuna ranar da iska ta taso a kan gadar Wudil, bara da damina, ta fizge littattafan ɗalibanki daga hannunki? Na jingine Vespa ina bin takardu kamar mai kamun fara, masunta a ƙasa suna yi mini dariya. Da na miƙo miki, kanki yana sunkuye, farin alli duk ya ɓata miki yatsu, kika yi godiya da wata murya wadda da ƙyar ta fi iskar ƙarfi. Tun daga ranar ban sake mallakar zuciyata ba. Da ni ɗan gari ne mai hankali, da washegari na tsaya a ƙofar gidanku na yi sallama da ke. Amma ina! Ni ɗan jami'a ne, mai karatun ilimin sadarwa, kuma kaina ya kumbura.

Ga abin da aka koya mana, ki ji yadda ilimi yake kai mai shi rami. Malaminmu ya ce saƙo ba ya tashi daga bakin mai magana ya faɗa zuciyar mai sauraro kai tsaye. Sai ya bi ta hannun wanda ake jin maganarsa a cikin jama'a, shi kuma ya raba wa na kewaye da shi. Ya ce haka ake tallata takin zamani, haka ake shawo kan mutane su kai yara rigakafi. Ni kuwa na ce to ashe haka ake neman aure. Na buɗe bayan littafina na zana ku ku shida, ke da ƙawayenki, na ja kibiyoyi tsakaninku. Na lura idan Barakatu ta sauya ɗaurin ɗankwali ranar Asabar, kafin Laraba duk kun sauya. Idan ta ce wane ba shi da kunya, ya gama yawo a unguwarku. Sai na zagaye sunanta da jan biro, na tsara mataki uku: in sami amincewarta, in bari rukuninku ya cika da yabona, sannan a ƙarshe in ambaci sunanki, lokacin da zuciyarki ta riga ta nuna.

Mataki na ɗaya da na biyu sun yi kyau, kyan da ya kashe ni. Wata biyar ina zuwa ƙofar gidansu da la'asar. Na kai kwalbar turare, na kai ɗankwali, na kai kaset na waƙoƙi don ku saurara tare. In babanta ya fito sai in durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa. A littafina na rubuta cewa ina share hanyar saƙo. Ashe duk Wudil, daga tasha har bakin kogi, sunan abin ɗaya ne a wurinsu: toshi. Wane saurayi ne zai yi wata biyar yana kai wa budurwa turare a ƙofar gidan ubanta, sannan ya ce darasi yake gwadawa? Ni da aka haifa a garin, ni da na san wannan tun ina wasan ƙasa, yaya aka yi takarda ta rufe mini ido?

Akwai darasi na biyu, kuma shi ya fi ba ni kunya, don a kansa na fi kowa maki a ajinmu. Wai idan mutum ya ga kowa a rukuninsa ya tafi a kan magana ɗaya, sai ya yi shiru, har ya ƙaryata abin da idonsa ya gani. Na rubuta shafi huɗu a kan wannan. Amma ranar da abokaina suka fara kirana angon Barakatu a majalisarmu ta gindin darbejiya, me na yi? Dariya. Na ce a raina lokacin mataki na uku bai yi ba. Dariyar nan ita ce shaidar da gari ya riƙe.

Jiya na hau babur na zo Wudil da tsakar rana, na sami Barakatu na gaya mata gaskiya tun daga gada har zuwa jan biro. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta jiya ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta shiga gida ta ɗauro kayan nan duka a cikin ɗankwalin, ta ajiye a kan kujerar babur, ta ce, "Dalhatu, wata biyar kana zuwa, ko sau ɗaya ban ji sunan Huseina a bakinka ba. Ta yaya zan kai saƙon da ba a faɗa mini mai shi ba?" Na cuci yarinyar da ba ta yi mini komai ba, na mai da ita gada alhali ita ma mutum ce mai zuciya, kuma wannan nauyin zan daɗe ina ɗauke da shi. Jibi Juma'a Kawu zai je ya ba Malam Isyaku haƙuri, ni ma zan bi shi in durƙusa, ko me za a ce mini in shanye. Wannan zan yi ko kin amsa mini ko ba ki amsa ba.

Kafin in tafi ta gaya mini abu biyu. Ta ce kin nemi a mayar da ke makarantar ƙauyen Utai da zarar an gama biki. Ta kuma ce ranar da ƙawaye suka taru suna taya ta murna, ke ce kika fi kowa guɗa, amma da kika fita wanke hannu sai kika daɗe, kika dawo idonki ja. Wayyo Huseina, hasken safiyata! Ashe ke ma shirun nan ya kama ki? Ashe kin ga yadda nake satar kallonki ta saman kafaɗar Barakatu, amma da bakuna biyar suka ce ba haka ba ne sai kika ƙaryata idonki? Ko kuwa hayaƙin murhu ne kawai, ni nake yi wa kaina tatsuniya?

Wallahi zuciyata ta so ta kama maganar nan ta rungume ta. Amma na hana ta. Ba zan sake gina komai a kan zancen da ya bi ta bakin wani ba, ko da ya fi zuma daɗi. Shi ya sa takardar nan ba za ta shiga akwatin gidan waya ba, ba kuma za ta ratsa hannun kowa ba. Gobe in an tashi daga makaranta zan miƙa miki ita da hannuna. Ranar Asabar kuma da la'asar zan kafa babur a ƙofar gidanku inda duk mai wucewa zai gani, in ɗaga murya in ce da Huseina nake sallama.

Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne. Ƙawayenki za su yi magana, unguwa za ta yi magana, za a ce kin ƙwace na aminiyarki, kuma ni ne na jawo miki. Idan kin ga ba za ki iya ba, ki fito ki faɗa mini da bakinki, zan tafi ban ƙara damunki ba. Amma don Allah kada ki tafi Utai da shirun nan. Kada ki aiko kowa. Ko kora ce, ina so in ji ta da muryarki.

Ki sani, ko kin buɗe mini ƙofa ko kin rufe, sunan da na kasa faɗa wata biyar shi kaɗai zan riƙa faɗa har ranar da bakina zai daina motsi.

Naki, mai kunya, mai jira, wanda ba zai juya ba,
Dalhatu.