Motar Baba Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Yaya Buhari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya? Ya iyali, ya ruwan Kumasi? Mu nan Ƙofar Atiku lahiya lau.

Bel ɗin injin tsohuwar motar marigayi Baba ya tsinke, babu shi kanti saboda yaƙin Turawa. Baduku ya yanko mini wani daga ƙirgi, ga ta tana aiki. Fetur ya yi wuya, don haka kashe inji nikai in mun kai gangaren gulbi. Jiya ta ƙi tashi, sai da masunta sunka tura mu. Baffa Sani na ciki, ya ce na kunyata gidan malamai, a sayar.

Ka gaida maiɗakinka, a sa mu addu'a. In Baffa ya kawo maka ƙarata, ba ni sayarwa. Mai jin kunyar turi shi sauka shi taka.

Ƙanenka,
Umaru