Ragon Babana Ya Shiga Rahoton Ƙasa Sau Huɗu

Anti Umm Tamir, don Allah ki taimake ni, kaina ya kusa tsagewa.

Ina aiki a Amman, a sashen da ke haɗa rahoton iskar da ƙasarmu ke fitarwa mai ɗumama duniya. Ɓangaren dabbobi aka ba ni, wai don ni 'yar makiyaya ce. Aikin ba wuya: a ɗauki yawan tumaki, a ninka da iskar da kowace tunkiya ke gyatsawa a shekara. Yawan tumakin kuwa daga ƙidayar da ake yi don rabon sha'ir mai rahusa na ciyar da dabbobi muke ɗaukowa, mai tumaki da yawa shi ke samun kaso mai yawa.

To Anti, na san yadda ake wannan ƙidaya, a gabana na tashi ana yi. Ranar da masu ƙidaya za su zo ƙauyenmu, garke ɗaya ne ke zagayawa ta bayan tudu, daga gidanmu zuwa gidan Kawu Mifleh zuwa na maƙwabta, ana tsare baƙin da gahawa har tumakin su isa. Akwai wani ragon babana mai ƙaho ɗaya, wallahi sau huɗu ya shiga lissafin ƙasa! Ni kuma ina zaune ina ninka gyatsar tumakin da ba a haifa ba.

Saura mako biyu mu miƙa rahoto, kuma ni zan sa hannu. Na taɓa wa babana maganar muna cin mansaf, shinkafa da naman rago, ya janye hannu daga tire, ya ce ashe karatun da sha'ir ɗin nan ya biya ne zai hana tumakinsa abinci. Tun ranar bai ɗaga wayata ba. Shugabana kuma ya ce in rubuta abin da aka ba ni in huta. In na yi shiru na sa hannu a ƙarya, in na yi magana na rasa uba. Na gaji, Anti.

'Yar Makiyayi

'Yata, ki kwantar da hankali. Kin haɗa ayyuka biyu ne kika ɗora wa kanki. Ba a ɗauke ki don kama masu zagaya garke ba, an ɗauke ki don lambar ta zama gaskiya.

Ki nemi wata ƙidayar da ba sha'ir a bayanta, kamar yawan allurar rigakafin da likitocin dabbobi suka yi. Ki gwada biyun, ki rubuta a sashen rashin tabbas na rahoton cewa sun saɓa, ki faɗi wadda kika dogara da ita da dalili. Wannan ba ya buƙatar sunan ƙauye ko na mutum. In shugabanki ya ƙi, ya ba ki ƙin nasa a rubuce.

Ba zan ɓoye miki ba, wata rana hakan na iya taɓa rabon sha'ir. Tsoron mahaifinki ba na banza ba ne, shekarun fari ya gani. Amma bai dace ya sa ki sa hannu a abin da kika san ƙarya ne ba.

Ki bar waya, ki hau mota ranar Juma'a. Ki zauna gabansa ki gaya masa abin da za ki rubuta, kafin ya ji a bakin wani. Zai yi fushi, amma zai san ba ki ci amanarsa ba.

Allah Ya daidaita tsakaninku. Ragon nan kuma, ki ƙidaya shi sau ɗaya.

Umm Tamir