Jan da Barka Ta Bari

Asabar, 3 ga Rajab

Na tashi da nauyin ƙirji, amma tarin bai kai na jiya ba. Ƙafar hagu a kumbure. Hannun dama yana rawarsa kamar kullum, ga shaida nan a rubutun. Yau kwana goma sha uku da binne matata Barka. Masu zaman makoki sun watse, ’yata Nur ta koma garin Sai’un wurin mijinta da yaranta. Gidan ya rage daga ni sai agogon bango.

Na duba madubi, karon farko tun ranar. Jan yana nan. Kwana uku kafin ta kwanta ciwon da bai ɗaga ta ba, ta zaunar da ni a tsakar gida ta sa mini lalle a gemu da kai, yadda take yi duk wata tun ranar da ta ga furfurata ta farko, shekara talatin da ɗaya ke nan. Tana yi tana faɗa, wai ina motsi kamar akuyar da ake wa wanka. Ban san na ƙarshe ba ne. Da na sani da na zauna shiru.

Gurasar da ta gasa an cinye. Tufafin da ta wanke an sake wanke su. Wannan jan ne kawai ya rage na aikin hannunta, kuma a jikina yake. Ba na so ya koɗe.

Litinin, 5 ga Rajab

Nur ta kira. Ta ce za ta zo tsakiyar Sha’aban idan yara sun gama jarrabawa. Na gaya mata zancen gemun, ina jin kunya. Ta ce, “Baba, ni zan sa maka. Na sha ganin yadda Mama ke yi.” Na ce to zan riƙe launin har ta zo, ta gani da idonta, ta yi irinsa. Lokacin makoki ba ta kalle ni sosai ba, ni ma ban kalle ta ba.

Kwana talatin da takwas. Na ƙirga a kalanda.

Alhamis, 8 ga Rajab

Na sami gwangwanin lallen Barka a bayan tulun dabino. Ta riga ta haɗa garin: lallen garin Gail ne, da ƙamshin busasshen lemun tsami, da wani abu na uku da hancina bai gane ba. Ban taɓa tambayarta ba. Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa tambaya ba. Abin da ya rage ba zai wuce sawa ɗaya ba. Na rufe, na mayar inda yake, sai Nur ta zo.

Na zauna ina tuno dokokinta, waɗanda a da nake wa dariya. Ban da sabulu. Ban da ruwan teku. Ban da ranar tsaka. A shafa man riɗi kafin wanka, a wanke da garin ganyen magarya. Nakan ce mata ni malamin makaranta ne, ba amarya ba.

Juma’a, 9 ga Rajab

Garin magaryar da ke gidan nan shi ne ragowar wanda aka yi wa gawarta wanka da shi. Fatum, matar maƙwabcina da ke kawo mini abinci, ta ce bari ta kai masallaci ko wani zai buƙata. Na ce ta bar shi. Ta mayar da shi inda yake.

Na yi wankan Juma’a da shi. Kumfarsa kaɗan ce, ƙamshinsa kuwa na ranar ne. Na daɗe a zaune a kan kujerar wanka kafin na iya tashi. Saura kaɗan in rasa huɗuba.

Talata, 13 ga Rajab

Ban je bakin teku ba, yau kwana huɗu. Iskar wurin gishiri ce zalla.

Laraba, 14 ga Rajab

Khamis ya zo nemana. Tun muna yara muke tare a garin nan namu, Shihir. Ni na tafi makaranta a Gail, shi ya bi mahaifinsa cikin kwalekwale. Tun da ya daina fita kamun kifi, kullum bayan la’asar muna kan wani benci a bakin teku muna kallon masunta suna jawo jiragensu, yana zagin yadda yaran yanzu ke ɗaure igiya.

Ya same ni na naɗe gemu da gefen rawani, ina sheƙi da man riɗi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ustaz, a wane littafi ka karanta namiji na takaba?” Na ce ƙafata ce. Ya ce ƙafa ba ta a haɓa. Wai idan na ƙara kwana uku a haka Fatum za ta iya soya kifi a fuskata.

Ban yi dariya ba. Ya sha gahawa, ya ce citta ta yi yawa, ya tafi.

Lahadi, 18 ga Rajab

Ruwan famfo ya koma zartsi, har fari yake bari a bakin buta. Sau biyar a yini ina zuba shi a gemu. Na ga gefen saje ya fara komawa launin ƙasa.

Na ɗauko tsohon littafin fiƙihuna, wanda muka haddace a ɗakin kwana na makaranta. Idan gemu mai kauri ne, wanke samansa ya wadatar, tsettsefe shi da yatsu sunna ce. Idan kuwa marar kauri ne, wanda mai magana da kai ke hango fata ta cikinsa, dole ruwa ya kai ga fatar. Na koyar da wannan shekara ashirin da shida. Tun jiya nake shafa ruwa a sama sama kawai, ina gaya wa kaina gemuna mai kauri ne.

Da can mai kauri ne.

Talata, 20 ga Rajab

Khamis ya kawo kifi. Na ja shi wurin haske na tambaye shi ko yana ganin fatar haɓata. Ya matso, ya runtse ido ɗaya. “Ina ganin fata, ina ganin jijiya, ina ganin abin da ka ci jiya.”

Da ya tafi na rama sallolin kwana huɗu, a zaune. Allah Ya yafe mini. Yanzu da ruwan sha na tulu nake alwala, ina tsettsefewa yadda ya kamata, a hankali. Fatum tana mamakin yadda tulun ke ƙarewa da wuri, tana murna wai na fara bin maganar likita ta shan ruwa da yawa.

Juma’a, 23 ga Rajab

Tari sosai. Ban ci komai ba sai dabino uku da shayi.

Litinin, 26 ga Rajab

Mun yi faɗa da Khamis. Zan rubuta yadda ya faru, ba yadda nake so ya zama ba.

Ya zo ya ce in tashi mu fita, an kamo babban kifi, gari duk yana can. Na ce rana ta yi zafi. Ya ce ga hula, ga laima. Na ce iska. Sai ya zauna a kan tabarma, abin da ba ya yi saboda gwiwarsa, ya ce, “Salmin, gashi ne. Yana tsirowa, ana aske shi. Ba Barka ba ce.” Shekara nawa rabon da ya kira ni da sunana.

Na ce masa mutumin da kansa ya zama kamar ƙwai, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, ba shi ne zai koya mini mene ne gashi ba. Na faɗi na rubutun ne don ya ji ciwo, kuma ya ji. Ya dafa bango ya miƙe, ya nemi takalmansa. Ya fita.

Asabar, 1 ga Sha’aban

An ga wata. Khamis bai zo ba. Kwana goma sha biyu ya rage.

Talata, 4 ga Sha’aban

Yau na ɗauki madubi na fita tsakar gida, na ɗaga gemun da mataji. Abin da nake tsoro shi ne koɗewa, kuma na yi nasara a kanta, kusan. Ƙarshen gashin ja ne har yanzu, irin jan dabinon da ya fara nuna. Amma daga tushe fari ne fat, ya kusa faɗin yatsu biyu. A kai ma haka, kamar an zana mini layi da alli.

Wannan ba rana ba ce, ba gishiri ba ne. Daga cikina yake fitowa. Ba man da zai hana. Kullum jikina yana tura ta waje kaɗan kaɗan, ban sa shi ba, bai kuma tambaye ni ba.

Na zauna har inuwa ta bar ni.

Alhamis, 6 ga Sha’aban

An rataye kifi biyu a ƙofata, an riga an fafe su. Ƙullin igiyar na Khamis ne, ba wanda ke irinsa. Bai ƙwanƙwasa ba. Na aika Fatum ta ce masa Nur na zuwa Alhamis mai zuwa, idan yana son gaishe ta. Iyakar saƙon ke nan. Ta tambaye ni ko ba wani abu da za ta ƙara. Na ce babu.

Laraba, 12 ga Sha’aban

Nur ta kira bayan la’asar. Za su taso da asuba, kafin azahar suna nan in sha Allahu. Fatum ta share ɗakin sama. Na fito da kwanon tangaran da Barka ke kwaɓi a ciki, da tsohon zanen da take yafa mini a kafaɗa, duk tabon lalle. Ƙirjina ya yi sauƙi yau.

Alhamis, 13 ga Sha’aban

Bayan sallar asuba na kwaɓa lallen. Barka takan jiƙa shi da sassafe da ruwan shayi mai ɗumi, ta rufe, wai sai ya sha kafin ya ba da launi. Takan ce lallen da aka jiƙa na yini ɗaya ne, idan ya kwana ya mutu. Na so Nur ta same shi a shirye. Na juye gwangwanin kaf. Hannuna ya zubar da shayi a ƙasa, amma garin bai zube ba.

Azahar ta yi, ba mota. Na ci abinci a tsaye kusa da ƙofa.

Gab da la’asar waya ta yi ƙara. Nur ce. Ƙaramin ɗanta ya kwana da zazzaɓi, suna asibiti tun safe, ta rasa sukunin kira. Tana ta ba ni haƙuri, tana cewa ko gobe, ko mako mai zuwa, ko bayan azumi. Na ce ta kula da yaron, ni lafiyata ƙalau. Ban gaya mata zancen kwanon ba.

Na buɗe shi. Saman kwaɓin ya yi duhu, ƙamshinta ya cika tsakar gida. Na gwada ɗiba da yatsa in kai haɓa, ya faɗi a cinyata.

A haka Khamis ya shigo, cikin farar riga, da ledar alawa ta yaran Nur. Ya dubi ƙofar ɗakin sama, ya dubi kwanon, ya dube ni. Na gaya masa idan ya kwana ya mutu, kuma babu wani. Ban san me ya sa na gaya masa ba. Ya ajiye alawar ya naɗe hannun riga.

Na ce idan ya sa mini, sabon jan zai rufe nata. Ya ce ai natan ne a kwanon. Na ce hannun da zai sa fa? Ya kalli hannuwansa, duk tabon ƙugiya da igiya, ya ce, “Su ne ake da su, Ustaz.”

Kafin ya fara na sa shi ya ɗauko almakashi ya yanke mini ƙarshen gemun, kamar tsawon gaɓar yatsa. Na sa a gwangwanin na rufe. Bai yi ba’a ba. Yana yafa mini zanen ya ce lokacin da Zahara matarsa ta rasu ya yi shekara guda bai bari an wanke matashin kanta ba, har ’ya’yansa suka sace shi suka wanke. Ban taɓa sani ba. Ina kan bencin nan kusa da shi duk wannan shekarar.

Yana shafa lalle kamar mai toshe ɓarakar kwalekwale. Ya cika mini kunne, ya sa mini a hanci. Ya ce in daina motsi, ina yi kamar akuya. Na zauna shiru.

Na ce masa maganar rubutun nan da na yi, ba daidai ba ce. Ya ce in rufe baki kada in haɗiye.

Juma’a, 14 ga Sha’aban

Ƙirji da sauƙi, ƙafa tana nan yadda take.

Ba launin Barka ba ne. Wani wuri ja, wani wuri kamar bawon lemu, kunnen dama ya rine gaba ɗaya. Farin dai ya tafi. Na yi wankan Juma’a da ruwan famfo, na bar shi ya ratsa har fata. Garin magaryar ya ƙare yau; na wanke kwanonsa na kife.

A masallaci na hango Khamis a sahu na biyu ya ɗaga hannu yana addu’a, yatsunsa goma jajaye kamar na amarya, mutanen gefensa suna danne dariya. Dariya ta taso mini a ƙirji, na ɗauka tari ne.

Ya ce bayan la’asar zai biyo ta nan. Zan iya rakiyarsa zuwa bencin, saboda likita ya ce ƙafar na son tafiya. Ba zan naɗe gemun ba, rawanin na da zafi.

Yaron ya sami sauƙi, in ji saƙon da Nur ta turo. Na bar ƙofa a buɗe har azahar, ko da sun taso. Alawar tana nan a kan taga. Nur ba ta zo ba.