Ƙarfen da ke idon Baban Hadiza

Dungas, daren Alhamis

Sai da likitan Kano ya ajiye alƙalami ya dube ni, na gane ba za a ɗauki hoton kan mijina ba. Ya ce, "Baiwar Allah, mece ce sana'ar mijinki?" Na ce maƙeri ne. Ya ce, "Ƙarfe ya taɓa shiga idonsa?" Na ce ai yana nan a idon hagu tun kafin a haifi 'yarmu Hadiza, har wasa yake yi da shi, wai guzurin maƙera ne.

Ashe injin ɗaukar hoton nan, IRM, babban maganaɗisu ne. Likita ya ce shi ne zai ga ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da suka tsinke ranar da babur ɗin kabu-kabu ya kayar da Baban Hadiza a hanyar Magariya, waɗanda hoton da aka ɗauka a Damagaram bai nuna ba. Amma zai ja ƙarfen, idon ya tsiyaye. Cirewa sai an yi aiki, jikinsa kuwa ba zai ɗauka yanzu ba.

Muka dawo yadda muka tafi. A mota Baban Hadiza ya riƙe gefen mayafina ya ce, "Yi haƙuri, ke 'yar gidan wa ce?" Na ce 'yar gidanka. Ya yi mini murmushi irin na baƙo.

Na ba shi fura, rabi ta zube a rigarsa, ya yi barci. Ya Allah, Ka ga halin da muke ciki.

Inna, mahaifiyarsa, ta ɗauka hoton yana cikin jakata. Ban gaya mata ba tukuna.