Baba ya nemi tuwo

Yaya Sani, ina gaishe ka. Ya aiki, ya Hadiza da yara? Mu nan Madarunfa lafiya lau.

Albishirinka! Baba ya saki jiki. Tun rasuwar Inna ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Jiya na kunna masa tsohon fim ɗin ban dariyar nan na Amirka da ka turo, na zamanin da talauci ya ci su. Ina fassarawa sai ya ce, "Ke, ba ki iya ba!" Shi da ba ya jin turanci, ya karɓe fassarar, ya ba baturiyar da ke fim ɗin muryar Inna, tana faɗa kan awaki. Ya yi dariya har hawaye, sannan ya nemi tuwo.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Ka turo wani, wai Inna ba ta gama faɗa ba.

Ƙanwarka, Rabi