Ban Ji Ƙarshen Kaset Ɗin Ba, Yaya

Tottenham, Landan.

Zuwa ga yayana Isyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da durƙuso har ƙasa kamar yadda Inna ta koya mana. Da kana raye, da a nan zan tambayi lafiyarka da aiki da mutanen gida. Tunda Allah bai nufa ba, sai in ce ina fatan kana cikin rahama, makwancinka da haske.

Dalilin wannan takarda shi ne in warware wata ƙarya. Na yi maka ita, na yi wa Inna, na maimaita ta a gaban mutane har ta kusa zama gaskiya a bakina. Shekara guda ke nan ina cewa kaset ɗinka na ƙarshe bai iso da wuri ba, shi ya sa ban zo filin jirgi na same ka ba. Ƙarya ce. Ya iso saura kwana tara ka sauka. Na ba maƙwabcina Malam Tanko wannan takarda ya buga a 'yar mujallar da 'yan gida ke rarrabawa bayan sallar Juma'a, don duk kunnen da ya ji ƙaryar ya ji gyaranta.

Kai gwamnati ta ɗauka da kuɗin mai ta kai Amurka karatun injiniyan ruwa. Ni da na tsaya a aji huɗu na koma shagon facin Baba, wani ɗan kwangila ne ya jawo ni Landan ya ajiye ni a sito. Aikina ɗaure wa alhazai firji da talabijin da igiya, a loda a jirgin ruwa zuwa Legas. Kowa na cewa ƙasarmu ta yi arziki. Ni dai abin da na gani na arzikin shi ne nauyinsa a kafaɗata.

Da kaset ɗinka na farko ya zo, na zaci karatun Alƙur'ani ka aiko mini. Na sa a rikodar Malam Tanko, maƙwabcina mai karanta labarai a rediyo, sai muka ji wani Bature yana ihu kamar gidansu na cin wuta. Can sai ƙas, ihun ya tsaya, muryarka ta fito kana dariya. Ka ce wannan ƙwallon Amurka ne, daga rediyo kake ɗauko mini, kuma in kwantar da hankalina za ka fassara.

Ba wanda ya taɓa fassara abu kamar yadda ka fassara wasan nan. Ka ce in ɗauke shi fatauci. Mai jefa ƙwallon shi ne madugu, sauran 'yan wasansa ayari. An ba su dama huɗu su ci taki goma, in sun ci sun kai zango, a sake ba su huɗu. Ɗaya ɓangaren kuma 'yan fashi ne masu tare hanya. In ayari ya kai ƙarshen fili, an sauke kaya ke nan. Har yau ban san wani suna da ya fi waɗannan dacewa ba, kuma na karanta na Turawan duka.

I, na karanta. Guntayen jaridun da kake cusowa cikin ambulan su ne makarantata. Na sayi wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire, ina bin layi da yatsa a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci har in wuce tashata. Shafi ɗaya sai ya ci mini mako. Ɗaliban nan masu sukolashif suna dariyar yadda nake furta kalmomi, su da aka zaunar a benci shekara goma sha biyar aka ɗura musu da cokali. Ni ba malamin da ya zaunar da ni. Kai ne, daga nesa, da almakashi da ambulan.

Kafin shekara ta zagayo mun zama majalisa. Duk Lahadin da kaset ya iso, bayan azahar sai mu haɗu a flat ɗin Malam Tanko, da shayi da gyaɗa. Dokta Bala yakan taso tun daga Catford, wai shi kallon mahaukata yake zuwa yi. Ya ce wannan ba ƙwallo ba ne, dambe ne da hular kwano, in ba haka ba ina aka taɓa kiran abu ƙwallon ƙafa alhali a hammata ake ɗaukarsa? Amma shi ne farkon zuwa, shi ne kuma mai buga tebur.

Mun yi gardama a kan komai. Ko madugu ne ke cin wasa ko garadan da ke tsare shi. Ko tsohon rukunin ƙungiyoyi ya fi sabon da aka haɗe su da shi. Ko wanda ya ci babban wasan ƙarshe na Janairu yana da hurumin kiran kansa zakaran duniya alhali ƙasa ɗaya ce ke bugawa. Dokta duk wanda ke kan gaba shi ne nasa, kamar ɗan siyasa. Ni kuwa na riƙe masu jar hula tun ranar da na ga hoton madugunsu, taɓo har ido, haƙori ɗaya babu, yana murmushi. Na ce wannan ya san sito.

Dokoki biyu ne da mu. Ta farko, wasan da muke ji ya kwana goma da bugawa, saboda haka haramun ne wani ya leƙa jaridar Amurka da ake sayarwa a tsakiyar gari ya san sakamako. Ta biyu taka ce. Labarin gida da maganar da ke tsakanina da kai, ba ka taɓa sa su a farko ba, sai a ƙarshen kaset bayan an busa tashi. Da an busa, Malam Tanko zai danna ya tsayar, ya zare ya miƙo mini, in ari rikodar in je ɗakina in ji ni kaɗai. Na yi maka ƙorafi a wasiƙa, na ce wannan wane irin wulaƙanci ne. Ka amsa da layi ɗaya: “Na san halinka, Habu. Wanda bai jure wasa ba, ba ya cin labari.”

To, ka san halin nawa kuwa.

Kaset ɗin nan na ƙarshe, wasan kusa da na ƙarshe ne. Wanda ya ci shi ne zai je babban wasa, kuma masu jar hula ba su taɓa kusantar ƙofar haka ba tun da na san su. Na yi wanka na sa sabuwar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kafin a je hutun rabi madugunmu ya jefa ƙwallo a hannun 'yan fashi sau biyu. Ina jin muryarka kana ta lallashi, kana cewa da saura, da saura. Dokta kuwa sai kurɓar shayi yake da ƙara. Da aka shiga kashi na huɗu abokan karawarmu suka sake sauke kaya, sai ya ce an yi wa ayarina fashi har da jakunan. Wannan na haɗiye. Sai ya ƙara da cewa in duba ƙamus ɗina in ga ko akwai kalmar shan kashi a ciki, in babu shi zai rubuta mini.

Yaya, idona ya rufe. Na ce masa likitan da shekara shida bai wuce riƙe wa Bature faranti ba, ba shi zai koya mini kalma ba. Na faɗi wasu ma da ba za su shiga mujalla ba. Na fizge kaset ɗin daga rikoda tun ana tsakiyar wasa, na buga ƙofa, na haye sama na wurga shi kan wadirob. Malam Tanko ya biyo ni har bakin bene yana cewa in zo in ƙarasa, ai da maganar yayanka a ciki. Na ce maganar ta jira.

Ta jira kwana tara. Kullum in na shigo ina ganin gefensa ya leƙo daga saman wadirob, in kau da kai. Da kaset nake fushi, Yaya. Da roba.

Ranar Talata na wuni a sito ina ɗaure wa wani alhaji firji uku. Na dawo da yamma, ban ko cire takalmi ba, tsohuwar da muke haya a gidanta ta tare ni a ƙofa ta ce ɗan'uwana ya bugo wayar gidan har sau uku daga filin jirgi. Ta ce a na ukun ka ce a gaya mini ba komai, an kira jirginku.

Ban san yadda na sauko da kaset ɗin ba. Na ari rikoda na zauna a bakin gado na ƙarasa wasan. Sun sha kashin dai. Ko a nan ban samu abin kamawa ba, hasashena daidai ne, ba abin da ya canza a fili. Aka busa. Sai ƙas, sai kai.

Ka ce, “Yi haƙuri Habu, baɗi ma shekara ce.” Ka ce ka gama karatu, an kira ku gida ku kama aiki, jirginku zai sauka Landan ranar Talata da safe, na Kano kuma sai la'asar. Awa biyar. Ka ce da kaya da yawa, ba za ka iya shigowa gari ba. Ka ce, “Kada ka kawo komai. Ka zo kawai in ga ko gemun ya fito.” Ka ce akwai abin da za ka ba ni hannu da hannu.

Shekara biyar rabon da mu ga juna. Gemun ya fito, Yaya. Tun tuni.

Da ina da zuciyar maza, da a ranar na rubuta maka gaskiya, ka zage ni, mu yi dariya, a wuce wurin. Kunya ta hana. Na zauna da hannun nan da ka koya wa rubutu na tsara maka cewa kaset ya makale a hanya, sai ranar Alhamis aka kawo. Har da tsine wa masu raba wasiƙu na yi don maganar ta zauna. Na ce a raina in na zo gida hutu zan faɗa maka da baki.

Mako uku da saukarka, tsakanin Zariya da Funtuwa, motar da kake ciki ta haɗu da tanka. Wayar tangaraho ta zo mini a sito, layi biyu. Su kam ban nemi ƙamus ba.

A flat ɗin Malam Tanko aka yi zaman gaisuwa. Duk wanda ya shigo sai ya ce ashe ta nan ya bi, kun dai gana ko? Ni kuma in ce ina fa, kaset ne ya makara. A gaban Malam Tanko na faɗa, wanda a rikodarsa aka sa shi. A gaban Dokta na faɗa, wanda na ci wa mutunci a kansa. Malam ya sunkuyar da kai yana kallon darduma. Dokta ya tashi ya zuba mini shayi ya sa sukari biyu. Shekara guda ko da wasa ba wanda ya tayar da maganar a cikinsu. Wallahi da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na saba da faɗa, na san yadda ake rama shi. Wannan shirun ban san inda zan kama shi ba.

Ƙanwarmu Hajara ce ta rubuto mini sauran. Ta ce abin da ka riƙo mini ƙwallo ne, na fata, mai tsini biyu da ɗinki a ciki. Ta ce Inna ta ɗauka matse shi aka yi a jirgi ya lalace, amma duk da haka ta sa shi a adakarta ta kulle, ta hana jikoki taɓawa, wai na Habu ne. Ta ce wasiƙata ta same ka. Ka karanta sau biyu a zaure, ka ninke ka sa a aljihu, ka ce, “Ba komai. Habu ne.”

Shekara guda ina juya wannan magana. Ko ka yarda da ni ne, ko kuwa ka gane ka rufa mini asiri kamar yadda ka saba tun muna yara? In ka yarda, ka tafi da ƙaryata a aljihunka. In ka gane, ka tafi da sanin cewa awa biyar ka tsaya da ƙwallo a hammata kana duban ƙofa, ƙaninka yana can yana fushi da wasan da aka gama tun kwana goma sha tara. Ban san wanne ya fi ciwo ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Janairu ta sake zagayowa. An buga babban wasan bana. Ba kaset, ba majalisa. Shekaranjiya na tarar an turo jaridar Amurka ta ƙarƙashin ƙofata, an ninke ta daidai shafin wasanni. Ba suna, amma warin maganin asibiti take. Na karanta ta daga sama har ƙasa a tsaye, ban tsaya a kalma ko ɗaya ba. Na ɗago kai don in yi alfahari, sai na rasa wa zan gaya wa.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ya sa na kasa ci gaba da shiru. Hajara ta ce tun rasuwarka Inna ba ta amsa gaisuwar masinjan da ke kawo wasiƙu unguwarmu. Dattijo ne, a kan kekensa ya kai mata duk takardar da muka taɓa aikowa. In ya yi sallama sai ta juya baya, wai su ne suka hana 'ya'yanta ganawar ƙarshe. Bawan Allah bai san laifinsa ba. Nawa ne yake ɗauke da shi.

Na sa kwafin wannan takarda a ambulan zuwa ga Hajara, na roƙe ta ta karanta wa Inna ba tare da ta tsallake layi ko ɗaya ba. Masinjan nan ne zai kai ta har ƙofar gida. Ina jin tsoron abin da Inna za ta ce fiye da yadda na taɓa jin tsoron wani abu a garin nan. In ta yi fushi, haƙƙinta ne. In ta buɗe adaka ta ba jikoki ƙwallon, ban da ta cewa. Amma gobe in dattijon nan ya yi sallama, a amsa masa.

Kai kuma, Yaya, ba ni da hanyar jin amsarka sai ranar da kowa zai ji tasa. Ka yafe mini. Ban zo ba, kuma ba wanda ya hana ni.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa ilmin da ka ba ni ya zame maka sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna haƙurin rashinka da haƙurin halina. Ya sanyaya mini wannan zuciya kafin ta sake jawo mini abin da ba ya gyaruwa. Allah ya haɗa fuskokinmu a inda ba a kiran jirgin kowa. Amin.

Ƙaninka,
Habu.